Ɓera a Gida Kafin Ruwa Ya Sauka: Tarko, Gam, Guba ko Kyanwa?

Daga ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Mayu, bazara ta kankama, an ƙone daji, gonaki sun zama fetal, ko zangarniya ɗaya ba ta rage ba. Ɓeran daji ba shi da inda zai nufa sai gari. A gida hatsi yake, a gida randa take da ruwa, a ƙarƙashin buhu kuma akwai sanyi. A wannan tsakani ne uwargida ke fara ganin kashin ɓera a bayan tukwane, mai shago ya tarar an huda masa katan ɗin taliya, da dare a ji gudu a silin. Abin da mutane ba su cika haɗawa da wannan ba shi ne maciji. Kumurci da gamsheƙa ba mutum suke nema ba, ɓera da kwaɗi da 'yan tsaki suke bi. Da ruwan farko ya cika ramuka, kowa zai fito neman busasshen wuri, kuma gidan da ya tara ɓeraye a bazara shi suka fi nufa.

Saboda haka yanzu ne lokacin aikin, ba bayan an yi shuka ba. Sai dai kafin a sayi komai, a san wanda ke ɓarnar.

A barbaɗa toka ko garin rogo siriri a gindin bango da magariba, a duba da asuba. Ƙananan sawu da kashi baƙi mai kama da ƙwayar shinkafa, na ƙaramin ɓera ne, wanda abincinsa a rana bai wuce giram 3 ba. Kashin da ya kai santimita ɗaya ko fiye, ga baƙin maiƙo a jikin azara ko inda waya ta shiga silin, na baƙin ɓera ne mai hawa sama, shi kuma yana cin giram 15 zuwa 25 a rana. Ashirin daga cikinsu kan tashi da kusan kilo 12 na hatsi a wata, ban da wanda suka ɓata da fitsari. Akwai na uku, mai toka-toka, mai haƙa rami a gindin ɗaki, wanda macensa ke da nonuwa 16 zuwa 24, tana haihuwar goma zuwa sha biyu bayan cikin kwana 23 ko kusa da haka. Shi ne ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, wadda kuma ta fi tashi a rani, musamman a Bauchi, Taraba, Edo da Ondo. Rami mai faɗin da dunƙulen hannu zai shiga kuwa na gafiya ne. Ita jaba, mai dogon baki da wari, ba ɓera ba ce sam. Kyankyasai da ƙwari take ci, ba ta taɓa hatsi, kuma gubar da aka haɗa da hatsi ba ta dame ta ba.

Tarko

Tarkon ƙarfe mai bugu shi muke sa wa a gaba a duk ɗakin da ake kwana ko ake girki. Yana kashewa nan take, gawa tana inda ka san take, ba abin da yaro ko kaza za su haɗiya, kuma tarko ɗaya zai yi shekaru yana aiki. Yawancin masu cewa tarko ba ya kama komai, ɗaya daga cikin kurakurai huɗu suka yi.

Na farko ƙarancin tarko. Mutum ya sayi guda biyu alhali ɓerayen sun fi ashirin, yana kama ɗaya, ana haifar goma. Gida mai ɗakuna uku da kicin da sito yana buƙatar goma zuwa sha biyu, a ɗana su duka a dare ɗaya, domin daren farko da na biyu ne ake kama mafi yawa, kafin sauran su gane. Na biyu wurin ajiyewa. Ɓera ba ya ratsa tsakiyar ɗaki, gindin bango yake bi yana shafa shi da gashin bakinsa. A ajiye tarkon a gicciye, bakinsa mai abinci yana kallon bango har ya kusa taɓa shi, tazarar mita 2 zuwa 3 idan ƙananan ɓeraye ne, mita 5 idan manya ne. Mai hawa sama kuma a bi shi can, a ɗaure tarkon da waya a kan katakon silin ko kan katanga.

Na uku gaggawa. Babban ɓera yana tsoron duk wani sabon abu a hanyarsa. A bar tarkon da abinci a kai, ba a ɗana ba, dare biyu ko uku. Idan an ga suna cinyewa, sai a ɗana duka. Na huɗu shi ne yawan abinci a kan tarko. Idan aka ɗora babban yanki, zai gutsura daga gefe ya tafi abinsa. Kwatankwacin ƙwayar wake ya isa: tunkuza, ƙuli-ƙuli da aka jiƙa, daddawa, ko ɗan busasshen kifi da aka ɗaure da zare yadda sai ya ja da ƙarfi.

Girman tarko ma abin lura ne. Ƙarami yana raunata babban ɓera ne kawai, wanda ya tsira kuma ba zai sake kusantar tarko ba. Gafiya, da takan kai kilo ɗaya ko fiye, sai tarkon keji mai ƙofa. Illar tarko a fili take: yana son duba kowace safiya, yana iya karya yatsan yaro ko ƙafar tsako, kuma dole ka taɓa gawa. Maganin ta biyun, a kifa masa kwali ko tsohon kwano da aka yi wa ƙofa biyu, a ɗora dutse.

Gam

Gam ya fi komai sauƙin saye, mu kuma shi muka fi hana mutane. A bazara iska na tada ƙura, cikin kwana biyu ta rufe fuskar gam ɗin ya daina kamu. Zafin ɗakin kwano kuma yana narkar da shi. Babban ɓera kan ja kwalin ya shige da shi bayan kaya. Wanda ya kamu yakan yi sa'o'i da rai, yana fitsari da kashi don firgita, kuma ta nan ne ƙwayar Lassa ke fita. Daga ƙarshe kai ne za ka kashe shi da hannunka, jini na fantsama. Ga tsaka, ƙadangare da 'yan tsaki da ke maƙalewa ba laifin komai. A Ingila an haramta wa jama'a amfani da shi tun 2024 sai mai lasisi, mu ma kuma addini ya umarce mu da kyautata kisa ko da na abin da aka halatta kashewa ne. Idan kyanwa ko tsako ya taka, a zuba man gyaɗa a wurin a ɓamɓare a hankali, kada a fizga.

Guba iri biyu ce, kuma ba ɗaya suke ba

Baƙin garin nan mai warin tafarnuwa da ake tallarsa a ƙulle a leda a tasha da kasuwa, galibi zinki fosfaid ne. Idan ya haɗu da ruwan ciki sai ya saki iskar fosfin, ɓera ya mutu cikin sa'o'i. Da safe a ga gawa biyar a tsakar gida a ce magani ya yi. Amma duk wanda ya ɗanɗana kaɗan ya ji ciwo bai mutu ba, ya daina cin wannan abinci har watanni, shi ya sa zuba na biyu ba ya kama komai. Babbar matsalar ita ce ba shi da makari. Yaro, kaza ko akuya suka ci, asibiti taimako kawai za su iya yi. Wanda ake sayarwa babu suna babu takarda kuwa, ko likita ba zai san abin da yake yaƙa ba. Ba ma ba kowa shawarar shigar da shi gidan da ke da yara ko dabbobi.

Haka ƙwayar Indocid da wasu ke farkewa su zuba a abinci. Maganin ciwon gaɓoɓi ne na mutane, yana yi wa ɓera gyambo a hanji. Wani ya mutu, wani ya tsira, kare ko kyanwar da ta lashe kwanon kuma ta kwanta.

Akwai wadda dole a yi magana a kanta da babbar murya: ƙwayar Phostoxin da ire-irenta, da ake sa wa a buhun hatsi. Kowace ƙwaya mai giram 3 tana sakin giram ɗaya na iskar fosfin da ta ji danshi. Iskar tana ratsa silin, tsagar bango da ƙasan ƙofa zuwa ɗakin da ke maƙwabtaka. Jefa ta a ramin ɓera a cikin gida, ko ajiye buhun da aka sa mata a ɗakin da ake kwana, ya sha kashe iyali a barci. Ba maganin ɓeran gida ba ce ko kusa.

Guba mai jinkiri daban take. Irin su Klerat, Storm da Racumin suna hana jini daskarewa ne ta hanyar toshe aikin bitamin K a hanta. Ɓera ba ya jin komai a ranar da ya ci, sai bayan kwana 3 zuwa 7 ya mutu, don haka ba ya gane abin da ya cuce shi, 'yan uwansa ma su ci gaba da ci. Tsohuwar irinta, wafarin, tun 1958 aka samu ɓerayen da ba ta kashewa a Sikotland, abin da ya sa aka ƙirƙiro masu ƙarfi irin burodifakum, wanda kashi 0.005 cikin ɗari kawai ake sa wa a abincin, kuma ci ɗaya kan isa. Racumin yana cikin masu sauƙi, sai an ci kwanaki a jere, don haka kada kwanon ya ƙare a tsakiya.

Yadda ake ajiye ta shi ne rabin aikin. Ba a watsa ta a fili. A yanko fayif na roba mai tsawon santimita 40, faɗin 7 zuwa 10, a soke dunƙulen gubar da waya a tsakiyarsa yadda ɓera ba zai ɗauke ya kai wani wuri ba, a kwantar a gindin bango, a danne da bulo. Ga masu ƙarfin, abin da aka saba rubutawa a kwali shi ne giram 20 zuwa 60 a kowane mita 5 zuwa 10 ga manyan ɓeraye, giram 5 zuwa 15 a kowane mita 2 zuwa 5 ga ƙanana, amma a bi abin da ke jikin naka kwalin, a kuma duba lambar NAFDAC. A ƙara sabo bayan mako ɗaya, ba kullum ba, domin wanda ya ci a daren farko ya riga ya gama, duk abin da ya ƙara ci asara ce, kuma yana cika gawarsa da guba. Da damina ta matso, dunƙule mai kakin zuma ya fi gari ko ƙwaya, don ba ya jiƙewa ya yi fumfuna. Bayan mako uku zuwa biyar, idan an daina ci, a kwashe ragowar a binne.

Amfaninta shi ne tana rage ɓeraye masu yawa ba tare da wahala ba, kuma tana da makari, wato bitamin K1, ko da yake mai ƙarfin kan buƙaci makonni ana ba da shi. Illarta kuma uku ce. Ɓera yana mutuwa inda ya ga dama. Maganar da masu talla ke yi cewa zai fita neman ruwa ya mutu a waje, ko gawarsa ta bushe ba wari, ba gaskiya ba ce. A silin cikin zafin Afrilu za a sha wari mako ɗaya ko biyu, ga ƙudaje. Sannan kyanwa, kare, shaho da mujiya da suka ci ɓeran suna shan gubar. Mujiyar da mutane ke jifa don camfi, ita da 'ya'yanta sukan cinye ɓeraye fiye da dubu a shekara, asararta ba ƙarama ba ce. Ta ukun ita ce ta fi tayar da hankali: yaron da ya ci zai yi kwana ɗaya ko biyu yana wasa lafiya lau kafin jini ya fara fita ta hanci ko dasashi. Kada a jira alama. Kada a tsaya ɗura masa manja ko madara, kada a sa masa yatsa ya yi amai. A ɗauki kwalin a tafi asibiti.

Kyanwa

Kyanwa tana kama ƙananan ɓeraye sosai, warinta kuma yana hana su sakewa. Baƙin ɓeran da ya girma ba kowace ke tunkararsa ba, gafiya kuwa ta fi ƙarfinta. Wani bincike da aka yi a ƙauyukan ƙasar Suwaziland (Eswatini a yanzu) aka wallafa a 2017 ya nuna cewa a gidajen da ke da kyanwa da kare tare ne ɓeraye suka rage kiwo ƙwarai, ba a masu ɗaya kawai ba. Kyanwa ta fi amfani bayan an rage ɓerayen, ta hana sababbi zama. A ciyar da ita, don mai yunwa barin gidan take yi ko ta koma satar kifi. A yi mata allurar rigakafin ciwon haukan kare. Mai ciki kada ta kwashe kashinta. Kuma a zaɓi ɗaya, ko kyanwa ko guba.

Abin da ya fi su duka, kuma aka fi gudu

A yankin Farana na ƙasar Gini an yi shekara huɗu ana zuba guba mai jinkiri a ƙauyukan da ke fama da Lassa. Kowane karo ɓeraye na raguwa sosai, bayan 'yan watanni su dawo kamar ba a yi ba, domin abinci yana nan, hanya tana nan. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ƙaramin ɓera yana wucewa ta kafar da ba ta fi milimita 6 ba. A ɗauki biro a zaga gida: duk inda ya shige, ɓera zai shige. Babba yana buƙatar milimita 12. Wuraren da aka fi mantawa su ne ƙasan ƙofa, rariyar da ruwan wanka ke fita, inda fayif da waya suka huda bango, da tsakanin kan bango da kwanon rufi. Tsumma, leda, kwali da soson katifa ba toshi ba ne, kayan shimfiɗa ka ba shi. Rami a cusa masa fasasshiyar kwalba, a bi da siminti, awo ɗaya a kan yashi uku. A ginin ƙasa a yi wa gindin bango yaɓen siminti ko da na rabin mita ne, wanda zai kuma kare shi daga zaizayar ruwa. Rariya da tagar sito a buga musu ragar waya mai idon milimita 6, ba ragar sauro ba, wadda ake yagawa a dare ɗaya. Ƙofar katako a buga mata langa-langa mai tsayin santimita 30 a ƙasa. Reshen darbejiya ko mangwaro da ya sauko kan rufi a sare shi ya yi nisan mita ɗaya aƙalla. Kafin a toshe rami da siminti, a rufe bakinsa da ƙasa sama-sama a duba da safe. Idan an buɗe, akwai mai shi a ciki, a fara da tarko.

Hatsi kuma, gangar ƙarfe mai murfi ta lita 200 tana cin kusan kilo 150, kuma ba haƙorin da zai huda ta. Buhun PICS mai ninki uku yana kashe ƙwarin wake da na masara ba tare da magani ba, yana kuma rage ƙanshin da ke jan ɓera, amma ba ya hana haƙori, don haka a ɗora shi a kan katako, a bar rabin mita tsakaninsa da bango. Rumbun da ke kan ƙafafu a sa wa kowace ƙafa mazurarin langa-langa a kife, a kuma kawar da duk kara ko tsani da aka jingina masa. Kwanukan dare a wanke kafin a kwanta, a rufe randa, a kwashe dusar da dabbobi suka rage. Shanyar rogo ko barkono a gefen titi har ta kwana, hanya ce ta kai tsaye daga fitsarin ɓera zuwa tukunya.

To wa ya dace da me? Gidan da ke da yara masu rarrafe, kaji ko awaki: toshi da tarko a rufe, guba kada ta shigo. Ɗakin haya a gidan yawa: tarko da ragar waya, amma a yi magana da maƙwabta a ɗana a mako ɗaya, in ba haka ba silin ɗaya ne, ɓeran ma ɗaya ne. Sito, shagon hatsi ko gidan kaji da ake kullewa, inda ɓeraye suka yi yawan da tarko ba zai iya ba: guba mai jinkiri a cikin fayif na wata guda, a riƙa tsince gawa kowace safiya, sannan a koma tarko. Gidan gona da rumbuna: mazurari, kyanwa, a kuma ƙyale mujiya.

Ko da wanne aka kashe shi, gawa ba a ɗauka da hannu. A sa safar roba ko a zura hannu a leda biyu. A haɗa Jik ko Hypo awo ɗaya da ruwa awo tara, a jiƙa gawar da wurin, a jira minti biyar, a ƙulle a leda, a binne a rami mai zurfin rabin mita ko a ƙone. Kashin ɓera ma a jiƙa shi kafin a kwashe, domin shara a bushe tana tada ƙurar da ake shaƙa. Yara su daina farautar ɓera da gafiya don gashi. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya cikin mako uku da taɓa ɓera, musamman da ciwon maƙogwaro ko amai, a kai asibiti a faɗi maganar ɓeran. A Najeriya layin kyauta na NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa, shi ne 6232.

Ramin da ɓera ya bari, maciji ke gajewa, don haka a cike shi kafin ruwa. Kananzir, baƙin mai da ƙwayar kafur da ake zubawa a zagaye gida ba sa tare maciji, sai dai su gurɓata ƙasa da rijiya. Abin da ke aiki shi ne a matsar da tarin itace, bulo da kara nesa da ɗaki, a ɗaga su daga ƙasa, a sa wa akurki raga, a fita da tocila da takalmi da dare, mai kwana a tsakar gida saboda zafi kuma ya hau gado ya soke gidan sauro ƙarƙashin katifa. Idan maciji mai fasa kai ya fesa dafi a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa minti goma sha biyar ko fiye. Idan sara ne, musamman na kububuwa, wadda dafinta ke hana jini daskarewa ko da wurin bai nuna tsanani ba, kada a ɗaure tamau, kada a tsaga, kada a tsotsa. A cire zobe da awarwaro, a ɗora ƙafar ko hannun a kan sanda kamar karaya, a ɗauki mutumin kada ya taka, a nufi asibitin da ke da allurar dafin maciji. Na Kaltungo a jihar Gombe da na Zamko a Langtang ta jihar Filato sun shahara da wannan aiki, amma tun yanzu kowa ya tambayi wanda ya fi kusa da garinsu, ya kuma san mai mota ko babur da zai kira da tsakar dare.